Daɗin Kowa: ga dam, ga injin wuta, ga bututun famfo, to wa ke da me?

Duk sanda aka ɗauke wuta aka kwana biyu ba a kawo ba a Gombe, ko famfo ya yi shiru a Bolari da Jekadafari da Pantami, tambaya ɗaya ce take dawowa a Facebook da majalisun bakin titi: wai ina amfanin dam ɗin Daɗin Kowa? Mutanen garin su kuma tasu tambayar ta fi zafi, tun da su suna ganin ruwan da idonsu, suna ganin manyan wayoyin wuta sun bi ta saman gonakinsu sun wuce, ga ƙoshi ga kwanan yunwa inji su. Tun da aka sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki a 2023 kuma maganar ta ƙara cakuɗewa, wasu suka ɗauka ai yanzu jiha za ta iya karɓe injin ta riƙe wutarta a gida, wasu suka ce sam ba haka dokar ta ce ba.

Abin da ke rikita lissafin shi ne mutane suna kallon Daɗin Kowa a matsayin abu guda mai ubangida guda, alhali kusan kowane abin more rayuwa da ke garin mai shi daban ne, dokarsa daban, kuma inda ake kai kukansa daban.

Garin da kogin

Daɗin Kowa tana ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, gabas da Gombe, tafiyar kilomita kusan 40 a kan hanyar Biu, ka wuce Kwadon da kasuwarta ta kayan gwari. Hedikwatar ƙaramar hukumar tana Deba, amma fadar Sarkin Yamaltu a Daɗin Kowa take. Yankin ƙasar Terawa ce tun asali, ga Hinna nan maƙwabciya, sai Fulani da Hausawa da sauran ƙabilu da noma da kamun kifi da kasuwanci da aikin gwamnati suka tara. Ba unguwa ba ce cikin Gombe, gari ne mai zaman kansa, amma yadda mota ke kai-komo kullum, ma'aikata da ɗalibai da dillalan tumatir, da yadda ruwan shan birnin ya rataya a kanta, ya sa a aikace ta zama kamar bayan garin Gombe.

Kogin shi ne Gongola. Yana tasowa daga tsaunukan Filato, ya ratsa jihar Bauchi, ya nausa arewa maso gabas har wajen Nafada, daga nan ya yi kwana ya gangaro kudu ya biyo ta Daɗin Kowa, ya shafi gefen Borno, ya shiga Adamawa, ya faɗa Binuwai a Numan. A riƙe wannan hanyar da kyau don ita ce tushen komai a maganar mallaka. Kogin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, a dokar ruwa ta 1993, ikonsa na gwamnatin tarayya ne. Kuma a ƙasa da Daɗin Kowa akwai wani dam ɗin a kan kogin, wato na Kiri a Adamawa, wanda aka yi saboda gonar rake ta kamfanin sukari na Savannah da ke Numan. Kenan ruwan da aka tare a nan akwai masu jiransa a can.

Yadda Gombe ta bar bakin kogi

Wani abu da ba a cika haɗa shi da maganar famfo ba shi ne asalin Gombe ma garin bakin kogi ce. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba ya kafa hedikwatarsa, a gaɓar Gongola. A yankin kogin nan ne aka yi yaƙin Bormi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu a hannun sojan Turawa. Bayan nan Turawa suka mayar da hedikwata Nafada, ita ma bakin Gongola, sai a 1919 aka dawo da ita Gombe Doma, inda birnin yake a yau.

Wurin ya yi wa mulki da kasuwanci daidai, auduga ta zo, jirgin ƙasa ya zo, gari ya cika, amma babu babban kogi mai ruwa rani da damina a kusa, kuma a sassa da dama na birnin ruwan ƙasa yana da nisa sosai, burtsatse sai an nutsa. Da aka ƙirƙiro jihar Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama babban birni, jama'a suka ƙaru, daga baya rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Borno da Yobe da Adamawa suka zauna. Birnin da ya baro kogi a 1919 dole ta sa ya koma yana janyo kogin da bututu.

Dam ɗin na wane ne

Gwamnatin tarayya ce ta gina shi a cikin shekarun 1980, kuma yana hannun Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda hedikwatarta ke Yola, ɗaya daga hukumomin raya koguna da aka kafa a 1976 bayan farin farkon shekarun 1970. Gwamnan Gombe ba shi ke da makullin ƙofofin dam ba, shugaban ƙaramar hukuma ma haka, Sarki ma haka. Za su iya roƙo, za su iya matsa lamba, amma umarni daga ma'aikatar ruwa ta tarayya yake zuwa.

Tun a takarda ayyuka uku aka tsara masa: noman rani, wutar lantarki, da ruwan sha. Matsalar ita ce bangon dam ɗin kawai aka gama, sauran suka tsaya. Sama da shekara talatin an bar gurbin injin wuta babu inji, magudanan ban-ruwa ba su kai inda aka zana ba. Yawancin ɓacin ran da ake ji yau daga wannan dogon jiran ya samo asali, musamman ga ƙauyukan da tafkin ya cinye musu gonaki aka tashe su.

Kuma ayyukan nan uku, har da na huɗu wato tare ambaliya, ba sa jituwa yadda ake zato. Mai injin wuta yana son tafki a cike kullum don tsawon ruwa shi ke ba injin ƙarfi. Mai tsoron ambaliya yana son a rage ruwa kafin Agusta don a sami wurin da sabon ruwa zai zauna. Manomin rani yana son a ajiye masa ruwa har Afrilu. Masunci yana da nasa ra'ayin. Duk matakin da aka ɗauka sai wani ya yi kuka.

Maganar wuta

Injinan guda biyu ne, kowanne megawat 20, jimla 40. Wani kamfani mai zaman kansa, Mabon, shi ya sa su a ƙarƙashin yarjejeniya da gwamnatin tarayya ta irin ka gina, ka gudanar ka mayar da kuɗinka, ka miƙa, kuma sai wajen 2020 zuwa 2021 aikin ya kammala. Shi 40 ɗin nan iyakar ƙarfin injin ne in komai ya cika, ba abin da yake bayarwa kowace sa'a ba, in ruwa ya ja baya da rani abin da ke fita yana raguwa.

To ina wutar take zuwa? Nan ne ake ɓata. Tun da aka sayar da kadarorin tsohuwar NEPA a 2013 aka raba harkar gida uku. Akwai masu samar da wuta, akwai TCN mai manyan layuka wanda har yanzu na gwamnatin tarayya ne, akwai kamfanonin rarrabawa guda 11 masu kawo ta gida su kawo bil. Gombe tana ƙarƙashin kamfanin JED na Jos tare da Bauchi da Filato da Binuwai. Wutar Daɗin Kowa tana hawa babban layin TCN ne ta shiga lissafin ƙasa baki ɗaya, kamar manomin da ya zuba hatsinsa a rumbun gandu, in an zo rabo ba a ware masa nasa ƙwayoyin, mudun da aka yanka wa ɗakinsa shi zai samu. Abin da layin ƙasa ke ɗauka yawanci yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, kenan Daɗin Kowa ko ta cika ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Shi ya sa mutum zai iya zama a gindin dam kuma transfomar unguwarsa ta ƙone a yi wata ba a gyara ba, don transfoma da wayar cikin gari ba na mai injin ba ne, na kamfanin rarrabawa ne. Haka nan tsarin Band A da ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 bisa alkawarin wutar sa'a 20 a rana, ba ya duba kusancinka da inda ake yin wuta, layin da kake kai kawai yake dubawa.

Akwai kuma tambayar da aka yi ta yi a 2024, lokacin da ɓarayi da 'yan ta'adda suka lalata manyan layuka Arewa ta kwana a duhu na tsawon kwanaki: me ya hana a kunna Daɗin Kowa a ba Gombe ita kaɗai? A ilimance abu ne mai yiwuwa amma ba kamar kunna janareta ba ne. Injin da aka tsara ya yi aiki da babban layi yana bin bugun layin ne, in za a ware shi da gari guda sai an daidaita nauyin da aka ɗora masa da abin da yake fitarwa daƙiƙa bayan daƙiƙa, in ba haka ba ya kashe kansa don kare kansa. Ana buƙatar kayan aiki, da yarjejeniyar wa zai saya, wa zai biya. Na ƙarshen nan ne ya fi wuya.

Me dokar 2023 ta canza, me ba ta canza ba

A Maris 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin doka kan samar da wuta da rarraba ta ko a wuraren da layin ƙasa ya kai, a Yuni Tinubu ya sa hannu a dokar lantarki. Tsarin shi ne jiha ta yi tata dokar, ta kafa hukumar sa ido, ta sanar da NERC, wato hukumar tarayya mai sa ido kan harkar wutar lantarki, sai a miƙa mata ikon kasuwar wuta ta cikin jiharta. Amma duk abin da ya shafi babban layin ƙasa da cinikin wuta tsakanin jihohi yana nan hannun NERC.

Masu cewa a riƙe wutar a gida hujjarsu ita ce megawat 40 a lissafin ƙasa ba komai ba ce, amma a Gombe za ta yi tasiri sosai, masu walda da injin niƙa da masu ƙanƙara da 'yan shinkafa za su farfaɗo, kuma jama'ar da suka rasa gonaki saboda tafkin sun fi kowa cancanta. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa doka ba ta soke yarjejeniyar da kamfani ya riga ya ƙulla ba, dam ɗin na tarayya ne, kuma in jiha tana son wutar sai ta saya kamar kowa, a farashin da zai biya bashin da aka ci aka sa injin. Suna kuma tuna wa mutane cewa da rani in ruwa ya ragu, Gombe za ta koma neman wuta daga Kainji da Shiroro da tashoshin gas na Kudu, to wanda ya hana nasa da damina da wane baki zai roƙa da rani. Duk ɓangarorin suna da abin kamawa, amma a bisa doka na biyun ya fi tsayuwa: dokar ta buɗe ƙofar ciniki ne, ba ta mayar da mallaka ba.

Abu biyu da suka fi shafar mutanen garin kai tsaye ba a cika maganarsu ba. Na farko, Gombe tana cikin jihohin da aka ƙara a hukumar raya yankunan da ke samar da wuta ta ruwa, N-HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, wadda aikinta shi ne rage wa irin waɗannan garuruwa raɗaɗin ambaliya da zaizaya. Na biyu, gyaran da aka yi wa dokar a farkon 2024 ya ce kamfanonin samar da wuta su ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsu na shekara don raya garuruwan da suke zaune. Wannan ba wutar kyauta ba ce, kuɗin aikin raya gari ne, kuma wa zai zauna a kwamitin da zai kashe su ita ce tambayar da ta kamata ƙungiyoyin ci gaban gari su bi.

Ruwan famfo

Shi wannan na jiha ne. A zamanin Gwamna Danjuma Goje aka gina matatar ruwa a Daɗin Kowa da bututun da ke kai shi Gombe, an tsara ta tace wajen lita miliyan 50 a rana. Ruwan ɗanye daga dam ɗin tarayya yake, amma tacewa da turawa da rabawa da karɓar kuɗi aikin hukumar ruwa ta jiha ne.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne Gombe tana kan tudu, Daɗin Kowa tana kwari. Ruwan ba gangarowa yake ba, tura shi ake da manyan famfuna kilomita da dama zuwa sama, kuma famfunan nan wuta suke ci ko dizal. In wuta ta ɗauke ruwa ya tsaya, in dizal ya yi tsada ruwa ya ragu, ga kuɗin alam da kulorin, ga bututun da ya fashe ko aka huda a hanya. Sannan an auna matatar ne da girman Gombe ta wancan lokacin, unguwannin da suka tsiro daga baya da yawa ba a kai musu bututu ba ko kaɗan, shi ya sa 'yan ga-ruwa da masu tanka ba su rasa kasuwa ba. Ko dam ya cika ya batse, wanda babu bututu a layinsu ba zai ga ɗigo ba.

Fadama, kwaleji, da filin masana'antu

Noman rani shi ne abin da ya fi riƙe garin: shinkafa, masara, tumatir, albasa, tattasai, kankana. Da yawan manoma da injin ban-ruwa na fetur suke ja daga kogi ko rijiyar fadama, shi ya sa cire tallafin mai a 2023 ya dake su sosai, masu hali suka fara komawa sola. Shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014 da kuɗi kusan dala miliyan 495 don gyara manyan wuraren ban-ruwa na Arewa irin su Bakolori da Kogin Kano da Haɗejiya, ya haɗa da Daɗin Kowa. Tsarinsa shi ne gwamnati ta gyara magudanai, manoma su kafa ƙungiyar masu amfani da ruwa su riƙa biyan kuɗin kula da su. Wasu manoman suna ganin ruwan Allah ne ba a saye, amma abin da ake biya ba kuɗin ruwan ba ne, kuɗin yashe magudana da gyara ƙofofi ne, kuma inda aka daina biya a wasu wuraren magudanan cikewa suka yi da ƙasa da ciyawa.

Kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya da aka kafa a 2002 tana garin, ita ta kawo ɗalibai da gidajen haya da masu abinci. Tsohon kamfanin tumatirin gwangwani na Vegfru da ke yankin ya daɗe da durƙushewa, manya suna tuna lokacin da yake sayen tumatir a hannun manoma.

Sai filin masana'antu mai sunan Muhammadu Buhari da gwamnatin Inuwa Yahaya ta ware wa hekta 1,000 a nan kusa, dalilin zaɓen wurin kuwa ruwa da wuta ne. Masu goyon baya suna kallon aikin yi da kasuwar amfanin gona. Masu ɗari-ɗari suna kallon ƙasar noma da ta tafi. A dokar mallakar ƙasa ta 1978 gwamna ne ke riƙe da ƙasa a madadin jama'a, kuma in an karɓa don amfanin jama'a diyyar da ake biya ta abin da ke kan ƙasar ce, gini da bishiyoyi da shuka, ba farashin filin a kasuwa ba. Daga nan mafi yawan rigimar diyya ke tasowa, a nan da ko'ina. Hanyar Gombe zuwa Biu kuwa, wadda duk kayan nan za su bi, ta tarayya ce, kuma kukan lalacewarta ya daɗe.

In an ce za a saki ruwa

Kusan kowace damina sai an ji sanarwar a tashi daga bakin kogi. Sakin ruwa ba mugunta ba ne, in tafki ya kai iyakarsa dole a buɗe masa hanya, don ruwan da ya haura bango ya fi wanda aka saki da lissafi haɗari nesa ba kusa ba. Inda ake da ja shi ne lokacin sanarwa da yadda take isa ga mai shinkafa a fadama. A kuma bambance: dam ɗin Lagdo na Kamaru da ake yawan ambata a ambaliyar 2012 da 2022 a kan Binuwai yake, ruwansa ba ya hawowa Daɗin Kowa. Abin da ke cika tafkin nan ruwan saman Filato da Bauchi da arewacin Gombe ne, tare da yashi da laka da yake kwasowa, waɗanda a hankali suke rage wa tafkin ciki.

Zama kusa da ruwa mai kwanciya yana da nasa harajin, sauro da zazzaɓi, da tsargiya ga yaran da ke wanka a magudanai. Ga kuma dorina, wadda manoman Hinna da kewaye suka daɗe suna kuka da ita tana shiga gona da dare ta cinye shinkafa, wani lokacin har ta taɓa masunta, kuma ba a yarda mutum ya harbe ta da kansa ba, sai ta hannun jami'an gandun daji na jiha.

Ina ake kai kuka

A aikace ga yadda abin yake ga mutumin gari. In transfoma ce ko mita ko bil na ƙiyasi, ofishin JED ne, in ba a saurare ka ba akwai dandalin ƙorafi na NERC, in kuma jiha ta karɓi ikon kasuwarta to hukumar jiha. In famfo ne, hukumar ruwa ta jiha da ɗan majalisar jiha. In magudanar ban-ruwa ce ko sakin ruwa, hukumar kogi ta tarayya da ɗan majalisar wakilai da sanata, haka ma hanyar Biu. In diyyar fili ce a filin masana'antu, ma'aikatar ƙasa ta jiha. Kasuwa da tasha da kwata da ƙaramin asibiti kuwa na ƙaramar hukuma ne a Deba.

Abin da za a sa wa ido nan gaba shi ne ko masana'antun da za su zauna a filin za su sayi wuta kai tsaye daga injin Daɗin Kowa, wanda doka ta yarda da shi ga manyan masu amfani. In haka ta faru za a iya samun aikin yi, amma wutar da aka sayar musu ta fita daga abin da ke hawa layi, kuma ba lallai gidajen cikin gari su ga canji a kwan fitilarsu ba sai in an sa su cikin yarjejeniyar tun daga farko, da layinsu da mitarsu da farashin da za su iya biya.